Wai gwamnati za ta hana mu AI ne? Amsa ga ƙanena mai sakatariya a Marwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana da ɗan shagon sakatariya a Marwa inda ɗaliban jami'a ke yawan bi, kana buga wa mutane takardu da CV da wasiƙar neman aiki, kana yi musu fotokopi da sikan, kuma yanzu kusan rabin rubutun da ChatGPT kake yi. Sai ka ji ana ta yaɗawa a WhatsApp wai gwamnati za ta kawo doka kan AI, wato ƙirƙirarriyar basira irin ta manhajar ChatGPT, ko IA kamar yadda muke cewa da faransanci, wai sai mai lasisi zai taɓa shi, wasu ma sun ce rufewa za a yi gaba ɗaya. Shine kake tambaya ko gaskiya ne, sannan mu ɗin ma muna buƙatar irin wannan doka ne ko kuwa damuwar Turawa ce kawai.

Bari in fara kwantar maka da hankali. Babu wata doka a Kamaru, haka ma a Cadi, da ta hana mutum amfani da ChatGPT ko Gemini ko ire-irensu, babu kuma wadda ta ce sai ka yanki lasisi kafin na'ura ta gyara maka wasiƙa. Ci gaba da neman halalinka. Amma fa akwai dokar da ta riga ta hau kan shagonka kai ba ka sani ba, zan zo kanta a ƙasa. Tambayarka ta biyu ce ta fi min nauyi, domin ni aikina shari'a ne, na yi shekaru a nan Garwa ina duba dosiye na masu harkar kuɗi da sadarwa, kuma abin da idona ya gani ya sa ina son dokar, ina kuma tsoronta a lokaci guda.

Ka san in saniya ta faɗa gonar wani ta cinye dawa, ba saniyar ake ja zuwa gaban jauro ba, makiyayin ake nema, in yaro ne a nemi mai garken. Toh duk maganar dokar ƙirƙirarriyar basira da kake ji a duniya, in ka tuɓe mata manyan kalmomi, wannan tambayar ce, na'ura ta yi ɓarna, wa zai biya? Abin da ya sa tamu ta fi wuya shine mai garken yana Amurka ko Sin, wanda ya ɗauko hayar dabbar yana Duwala ko Yawunde, gonar da aka cinye kuma tana Gidar ko Mokolo.

Waɗanda suka fi kowa nisa a wannan aiki su ne Tarayyar Turai. Majalisarsu ta amince da dokar AI a watan Maris 2024, ta fara aiki 1 ga Agusta 2024, ana shigo da sassanta daki-daki. Dabarar da suka yi ita ce ba su tsaya kan na'urar ba, sun duba inda aka sa ta aiki. Akwai aikin da suka haramta kwata-kwata tun 2 ga Fabrairu 2025, kamar a riƙa ba mutane maki kan halinsu da zamansu sannan a hana su wani haƙƙi saboda makin, ko a kwashe hotunan fuskokin jama'a daga intanet da kyamarorin titi barkatai a tara su, ko a sa na'ura ta riƙa karanta fushin ma'aikaci ko na ɗalibi a fuskarsa a wurin aiki da makaranta. Akwai kuma aikin da ba su hana ba amma suka ce mai haɗari ne sosai, wato inda na'ura ke sa hannu a makomar mutum, ɗaukar aiki, shiga makaranta da gyaran jarrabawa, ba da bashi, aikin 'yan sanda, har da duba takardun biza da na neman mafaka, kaga wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye duk ranar da ɗayanmu ya kai fasfo ambasad. A nan dole kamfani ya nuna da wane irin bayanai ya horar da abin, ya ajiye rajistar abin da na'urar ta yi, kuma a samu ɗan adam mai ikon dakatar da ita. Sai na ƙasa da haka, irin manhajar hira da hoto ko murya da aka haɗa, su dai a gaya wa mutum cewa na'ura ce. Sauran, irin abin da kai kake yi, ba ruwan doka da su sosai. Tarar wanda ya taka haramtaccen layi tana kaiwa yuro miliyan 35, kusan miliyar 23 na sefa kenan, ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfanin na shekara a duk duniya.

Abu guda da ba a cika faɗa ba, kuma ni yana ci min rai, dokar ba ta hana kamfanin Turai ya ƙera abin da aka haramta a gidansu ya fitar da shi ya sayar wa ƙasashe irin namu ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su Amnesty sun yi ta kuka kan wannan gurbi amma a haka aka wuce. Saboda haka kar wani ya ce maka tunda Turai ta yi doka mu ma mun tsira.

Amurka kuwa ba ta da doka ɗaya ta ƙasa. Joe Biden ya sa hannu kan wani umarni a 30 ga Oktoba 2023, Donald Trump ya soke shi ranar da ya dawo mulki, 20 ga Janairu 2025, yanzu jihohi ne kowace ke ɗan yin nata. Sin ta bi wata hanya, tun Agusta 2023 tana da ƙa'idoji kan AI mai ƙirƙirar rubutu da hoto, kuma daga Satumba 2025 ta wajabta a sa tambari kan duk abin da na'ura ta haɗa, amma babban abin da ke gabanta shine kar na'urar ta faɗi abin da hukuma ba ta so. A tamu nahiyar, Tarayyar Afirka ta amince da dabarar AI ta nahiya a Akra a Yuli 2024, ga kuma yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da bayanan mutane da aka rubuta tun 2014 amma sai 2023 ta samu ƙasashe 15 da ake buƙata ta fara aiki, shekara tara kenan. UNESCO ma tana da shawarwarinta na Nuwamba 2021 da ƙasashe 193 suka amince da su. Sai dai ka riƙe bambancin nan da kyau don da shi ake yawan ruɗa mutane a rediyo, dabara da shawara niyya ce, ba ka kai kowa kotu da su. Doka ita ce wadda majalisa ta zartar, shugaban ƙasa ya sa hannu, kuma tana da hukunci.

Toh mu me muke da shi a hannu? Tsohuwar ita ce doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifukan intanet, wadda ANTIC, hukumar fasahar sadarwar zamani ta ƙasa, ke aiki da ita, ga ART mai sa ido kan kamfanonin waya. An rubuta ta tun kafin yawancinmu mu riƙe waya mai shafawa, amma tana kama abubuwa da yawa da ake yi da AI yau. Sashe na 78 nata ya ce wanda ya yaɗa labari ta hanyar sadarwar zamani ba tare da zai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba, ko ya nuna yana da dalilin yarda da shi, zai iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun. Ka lura, wanda ya yaɗa aka ce, ba wanda ya ƙirƙira kaɗai ba. Wato in wani ya haɗa bidiyon ƙarya na wani lamido ko wani ɗan siyasa kai kuma ka tura a gurup, kai ma ka shiga ciki. Sabuwar kuma ita ce doka mai lamba 2024/017 ta 23 ga Disamba 2024 kan kare bayanan mutane, wadda ta tanadi a kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba masu riƙe da bayanan jama'a wata 18 su gyara aikinsu. Cadi ta riga mu a nan, tun 2015 take da dokar kare bayanai da hukumar tsaron intanet mai suna ANSICE. Ma'aikatarmu ta gidan waya da sadarwa, MINPOSTEL, ma ta gabatar da dabarar ƙasa kan AI a 2025, ina jin daga nan jita-jitar da ka ji ta samo asali, amma kamar yadda na ce maka dabara ba hani ba ce.

Yanzu bari in ba ka abin da ya faru a gidanmu don ka ga inda gizo ke saƙar. Bara wata gwaggota a unguwar Yelwa ta samu saƙon murya daga baƙuwar lamba wajen ƙarfe goma na dare. Muryar ɗanta ce, direban babbar mota mai bin hanyar Ngaundere zuwa Kusiri, yana cewa an tsare shi a hanya, an karɓe wayarsa, ta yi wa Allah ta tura sefa dubu 85 zuwa wannan lambar kafin gari ya waye. Da asuba ta ɗaura mayafi ta fita, ta tsaya ta jira mai kiyos ya buɗe lemarsa, ta kwance bakin zane ta ƙirga masa kuɗin adashinta. Da hantsi sai ga ɗan ya kira ta lafiya lau daga Figil yana tambayar ko a taho mata da albasa. Na saurari saƙon nan ya fi sau goma, wallahi muryarsa ce sak har da yadda yake jan "Inna", yaro ne mai yawan saka bidiyo a TikTok, muryarsa tana nan a fili ga duk mai so. Abin da ya tona shi a kunnena shine babu numfashi tsakanin magana, sannan Hausar ta yi tsaf kamar ta mai karanta labarai, shi kuwa ba ya yin jimla biyu bai sako fulatanci ko faransanci ba. Amma uwa da aka tayar da dare ina za ta tsaya auna numfashi?

Muka kai ƙara. Laifin a rubuce yake ba sai an jira wata dokar AI ba, zamba cikin aminci da damfara suna nan a sashe na 318 na kundin penal, wato kundin hukunta laifuka, tun da daɗewa. Matsalar ita ce kuɗin an cire su cikin 'yan mintoci, mu kuma muka kwashe kwanaki ana tura mu daga wannan biro zuwa wancan, duk da faransanci, gwaggo tana zaune a benci ba ta jin ko kalma. Da aka gano sunan da ke kan layin, sai ga shi na wani tsoho ne manomi da bai taɓa ganin lambar ba, da fotokopin katin ɗan ƙasarsa aka yi rajistar sim ɗin. Riƙe wannan fotokopin a ranka, zan dawo kansa.

Na biyun a wurin aiki na gan shi. Wani kamfanin ba da ƙananan basussuka da na taɓa duba wa takardu ya sayo manhaja daga waje mai auna wanda za a ba bashi. Wani manomin albasa ya zo neman sefa dubu 300 zai sayi injin ban ruwa, mutum ne da duk kasuwa ta san shi da biyan bashi, ya zo da shaidu biyu. Yarinyar da ke kanta ta shigar da bayanansa a tablet, allo ya nuna ja, ta ɗago ta ce masa "Baba ka yi haƙuri, mashin ya ƙi." Ya tambaye ta laifin me ya yi, ba ta sani ba. Shugaban reshen ma bai sani ba. Ni da na bi diddigi sai na tarar manhajar tana ba da maki ne ga mai yawan shige da ficen kuɗi ta waya, tana kuma rage wa mai yawan canza sim. Shi kuwa cinikinsa na hannu da hannu ne, kuma sim biyu gare shi saboda yana tsallaka iyaka da kaya zuwa Najeriya. An gina abin ne da rayuwar mutanen wani gari, aka zo aka auna namu da shi. Wannan mutumin bai taɓa buɗe ChatGPT ba, bai san sunan AI ba ma, amma AI ta yanke masa hukunci, ba kuma ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Irinsa nake tunawa duk lokacin da aka ce mu ba mu kai matsayin buƙatar doka ba.

A dokar bayanai ta Turai da ta fara aiki a 2018, mutum yana da haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi, yana iya cewa a kawo ɗan adam ya sake dubawa ya kuma ji ta bakinsa. Najeriya ta sa irin wannan a dokarta ta 2023. In da ni aka tambaya me za a fara tabbatarwa a aikace a nan, wannan ne, duk inda na'ura ta hana ka bashi ko aiki ko gurbin konkur ko taimako, a gaya maka cewa na'ura ce, a gaya maka dalili da harshen da kake ji, kuma a nuna maka mutum mai suna da kujera da zai iya juya hukuncin. Wannan ba ya buƙatar miliyoyi, umarni ne kawai da hukunci ga wanda ya ƙi. Babban bankinmu BEAC da hukumar COBAC da ke sa ido kan bankuna da ƙananan kamfanonin kuɗi a ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, suna da ikon ɗora irin wannan sharaɗi a Kamaru da Cadi lokaci ɗaya, haka ma batun a daskarar da kuɗin damfara da gaggawa in an kai kuka.

Toh me ya sa na ce ina tsoro? Saboda mun ga yadda ake yi in hukuma ta firgita da fasaha. A 2017 an yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma daga Janairu har Afrilu, wata uku cur, 'yan kasuwa da ɗalibai suna shiga mota zuwa wani gari don su tura saƙo. A Cadi an toshe WhatsApp da Facebook da sauransu daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16, 'yan'uwanmu na Njamena sun san kuɗin da suka ƙona a VPN, manhajar kewaye toshiyar. Ba wahala a rubuta doka da sunan yaƙi da bidiyon ƙarya, a yi mata kalmomi masu faɗi irin "abin da zai tayar da hankalin jama'a", ƙarshenta a bar mai damfarar gwaggo yana yawonsa a kama ɗan jarida ko yaron da ya ɗauki hoton ramin titi. An gudu daga gara an faɗa gidan zago kenan. Akwai ma wata illar da mutane ba su lura da ita ba, tunda kowa ya san ana iya haɗa bidiyo, duk wanda aka kama da gaskiya sai ya ce ai AI ce. Ka tuna Gabon, shugaban ƙasar na lokacin Ali Bongo ya yi rashin lafiya a Oktoba 2018, ya fito a bidiyon gaisuwar sabuwar shekara, mutane suka yi ta cewa haɗi ne, mako guda bayan haka ranar 7 ga Janairu 2019 wasu sojoji suka kama gidan rediyo suka yi yunƙurin juyin mulki. Shakka kaɗai ta isa ta girgiza ƙasa.

Shiyasa ni ra'ayina, kuma ina faɗa a duk taron da aka ba ni dama, dokar AI ta gaskiya da gwamnati kanta za ta fara. Babu wanda ya kai hukuma tara bayananmu, yatsunmu da fuskokinmu suna wajen masu katin ɗan ƙasa da fasfo, suna wajen masu rajistar zaɓe, ga kyamarori a manyan mahaɗu na birane. Ranar da aka jona waɗannan da manhajar gane fuska, wa ke da izinin bincike, da sa hannun wane alƙali, kuma in ta nuna wanda ba shi ba fa? Wannan ba zato ba ne, binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya gwada manhajojin manyan kamfanoni masu tantance namiji ko mace daga fuska, kuskurensu kan farar fata namiji bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kan mace baƙar fata kuwa ya kai kusan 35. An samu gyara tun daga lokacin, amma wa ya gwada su kan fuskar Bamusgu ko Bafulatana mai mayafi ko dattijo mai rawani a ranar ƙurar hunturu? A yankin da ake fama da Boko Haram, inda zargi kaɗai kan iya ɓatar da mutum na watanni, kuskuren na'ura ba ƙaramin abu ba ne. Ko Holan da duk wayewarta ta sha wannan, hukumar harajinsu ta yi amfani da tsarin kwamfuta wajen zaƙulo masu cutar kuɗin tallafin yara, tsarin yana ɗaukar mai takardar ƙasa biyu a matsayin abin zargi, aka tuhumi iyaye kusan dubu 26 bisa kuskure, gidaje suka talauce, har gwamnatin firaminista Mark Rutte ta yi murabus a Janairu 2021. Su suna da majalisa da jaridu da suka tono abin. Saboda haka kafin wata ma'aikata ta sayo irin wannan kaya, ya kamata a wallafa me aka saya, daga wa, me yake yi, ina ake ajiye bayanan, kuma a gwada shi kan mutanenmu kafin a sake shi a kansu.

Wasu abokan aikina a Yawunde suna ganin mafita ita ce a ɗauko dokar Turai a canza mata suna. Ni ban yarda ba, kayan aro ba ya rufe katara. Dokarsu an ɗinka ta ne don ƙasashen da ke ƙera waɗannan na'urori ko suke da kasuwar mutum miliyan 450 da kamfani ba zai iya juya wa baya ba, suna da injiniyoyi da ɗakunan gwaji da za su buɗe cikin manhaja su duba. In ka ɗora wa matashin da ya fito daga Politeknik ta Marwa ko jami'ar Ngaundere tulin takardun da aka tsara don Google, yana ƙoƙarin haɗa ɗan abin da zai gane cutar auduga daga hoton ganye ko ya fassara wa majinyaci maganar likita zuwa fulatanci, ka kashe shi tun a ƙwai, babban kamfanin kuwa ko a jikinsa. Ga delestaj, wato ɗauke wuta, ga tsadar data, sannan a ƙara masa kuɗin lasisi da yawon sa hannu? Nauyin doka ya tafi daidai da girman ɓarnar da mutum zai iya yi.

Kuma kar ka ɗauka ƙasar Afirka ba ta iya tsawata wa manya. A Agusta 2023 Kenya ta dakatar da Worldcoin, kamfanin da ya sa dubban mutane layi a Nairobi yana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu yana ba su kuɗin kirifto da ya kai kimanin shilin dubu 7, talauci ya sa mutane suna sayar da abin da ba a canzawa har mutuwa. Najeriya ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yuli 2024 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Abin da ya ba su wannan ƙarfi shine hukumomi masu ma'aikata da kasafi da ƙwarin gwiwa. Mu ma hukumar da dokar 2024 ta tanada, darajarta za ta dogara ne kan su wa aka naɗa, wa ke biyansu, ko za su iya ce wa minista a'a, kuma ko tana da ƙofa a Garwa da Marwa da Ngaundere inda mace irin gwaggo za ta yi bayani da Hausa ko fulatanci ko larabcin Shuwa a saurare ta. In sai an hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde kafin a kai kuka, toh mutanen arewa ba su da hukuma.

Maganar harshe ma ta wuce ta kai ƙara. Manyan dandamali suna tace ƙarya da zagi da na'ura, na'urar kuma ta fi ƙwarewa a turanci da faransanci nesa ba kusa ba, Hausa tana ɗan taɓawa, ƙananan harsunanmu na dutse da na bakin Logon kuwa kusan babu. Mu kuma yawancin labarinmu da murya yake yawo a WhatsApp, inda saƙo a kulle yake ba mai gani sai wanda aka tura wa. Ko an wajabta tambari irin na Sin, ɗan damfara ba zai sa ba. Abin da zai yi aiki a nan shine gidajen rediyon al'umma da limamai da shugabannin mata su riƙa gaya wa mutane a fili cewa murya yanzu ba shaida ba ce, wannan kuma aikin gwamnati ne ta ɗauki nauyinsa kamar yadda take yi wa rigakafin shan inna. Mu a gidanmu tun abin gwaggo muka yanke cewa duk wanda ya nemi kuɗi ta waya sai an kira shi a tsohuwar lambarsa, in ba ta shiga a tambaye shi abin da 'yan gida kaɗai suka sani.

Toh mu dawo kan fotokopin tsohon nan, domin nan ne dokar ta shigo shagonka. Duk katin ɗan ƙasa da ka yi wa sikan, duk takardar haihuwa da diflom da hoton fasfo da ke zaune a kwamfutarka, bayanan mutane ne, kai kuma a idon dokar 2024 mai riƙe da su ne, amana ce a wuyanka. Na san yadda shagunan nan suke, akwai folda guda a kan allo cike da katunan mutane na shekara uku, yaron shago da duk abokinsa suna iya buɗewa, fotokopin da ya lalace kuma a jefa a kwali mai ƙosai ta zo ta ɗiba. Daga irin nan ake samun katin da ake yi wa sim rajista. Ka riƙa goge sikan da zarar mai shi ya karɓi aikinsa, sai in shi ya ce ka ajiye masa, ka sa wa kwamfutar lambar sirri, takardar da ta lalace ka yayyaga ta ko ka ƙona.

Sannan in za ka sa ChatGPT ya rubuta wa wani CV ko wasiƙa, ka sani duk abin da ka liƙa a ciki ya bar Marwa ya tafi na'urorin kamfani a ƙasar waje. Cire sunan mutum da lambar katinsa da ta wayarsa da ranar haihuwa, ka bar gurbi, in rubutun ya fito ka cike da hannunka. Takardar asibiti ko ta kotu ko ta gado kar ka saka ta ko kaɗan sai mai ita ya fahimci inda za ta ya kuma yarda. Ka shiga saitin manhajar ka kashe wurin da ke ba su damar horar da na'ura da hirarka. Ka gaya wa kwastoma cewa da AI ka yi, ka kuma karanta masa kafin ka buga, don tana ƙirƙiro lambar doka da sunan ofis da babu su, kuma in wasiƙar ƙarya ta isa gaban sufurufe sunan mai ita ne a ƙasa, shagonka kuma shi za a nuna. Wanda ya zo ya ce ka gyara masa maki a diflom ko ka ɗora fuskar wata a hoton da ba nata ba ko ka haɗa masa muryar wani, ko nawa zai biya ka sallame shi, wannan jabu ne da ɓata suna, hukuncinsu yana nan tun kafin a haifi AI. In ka samu sarari ka sa a buga maka dokar 2024/017 ɗin ka ajiye a shago, ba ta da tsawo sosai, duk sashen da ya shige maka duhu ka turo min lambarsa in warware maka. Ka gaida mutanen Marwa.